Yadda Ake Burge Suruka Da Busasshen Burodi Da Tukunyar Yashi

'Yar'uwa, gyara zama. Idan uwar mijinki ta sa ki a gaba da maganar girki har barci ya ƙaurace miki, to ga magani sha-yanzu-magani-yanzu. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbacin za ta bar gidanki tana sa miki albarka. An gwada dabarar a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Sau ɗaya aka gwada, sau ɗayan kuma ta ci, kin ga ke nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Wadda ta gwada ita ce Rauda, amaryar Muhyiddeen, wani akawun ma'aikatar gona da aka taso daga Sakkwato da teburinsa a bayan akori-kura. Mahaifiyarsa, Inna Hamida ta Argungu, mace ce da ake labarin tuwon shinkafarta da miyar kifi har Augie. Ita ce ta aiko cewa tana tafe ta ga abin da 'yar boko ke ba ɗanta. In bai gamshe ta ba, za ta tafi da Rauda Argungu ta zauna a gabanta, surfe da daka da tuƙi, sai ranar da ta iya, ko da shekara za a yi. Rauda tana son mijinta, tana son 'yan ɗakunanta biyu na haya, kuma saƙon nan ya tsorata ta ƙwarai.

Mataki na 1: Guji duk abin da surukarki ta iya

Kada ki kuskura ki yi tuwo. Tuƙa wa Inna Hamida tuwo daidai yake da kai tallar kifi Argungu. Nemi abincin da ba ta taɓa gani ba, don wanda bai san yadda abu yake in ya yi kyau ba, ba zai gane ya lalace ba.

Rauda ta leƙa katanga wajen maƙwabciyarta Madam, matar wani safiyo mai awon filaye, ɗan kudu. Madam ta ce akwai wani abin Turawa, sunansa fudin. Burodi ne ake jiƙawa da madara da ƙwai, a soya ayaba cikin ƙonannen sukari a zuba, a gasa. Rauda ta ji sunan kaɗai ta san an gama. Abin da tsohuwa ba ta iya faɗar sunansa ba, ina za ta kushe shi?

Mataki na 2: Bari burodi ya bushe, ayaba ta yi baƙi

Sabon burodi ba ya shan madara, in ji Madam. Sayi mai laushi mai ƙamshi, ki yanka, ki shanya a taga sai ya zama abin jifan akuya. Idan maigida ya miƙa hannu da safe, buge hannun. Muhyiddeen kwana biyu yana kurɓar ruwan shayi zalla yana kallon burodinsa a taga.

Ayaba kuwa, wadda ta nuna ta wuce misali ake so, mai baƙin ɓawo. Da Rauda ta zaɓi irin wannan a kasuwa, mai ayaba ya dube ta, ya dubi gyalenta mai tsada, ya ce ta ɗauka kawai, Allah ya kawo sauƙi. Masu hikima sun ce abin da aka samu kyauta ya fi zaƙi. In ba su ce ba, ya kamata su ce.

Mataki na 3: Maganar kwalba

A nan ne Madam za ta rage murya ta gaya miki cewa ran abin duka wata giyar rake ce mai suna ram. Ana tsiyaya ta kan ayabar, a ƙyasta ashana, wuta ta tashi shuɗiya, baƙi su yi tafi. Ki ja da baya ki yi a'uziyya, kamar yadda Rauda ta yi. Madam ta ce ai wutar na cinye giyar. Rauda ta ce ita ma wutar take gudu.

Maimakonta sai ki dama zuma da ruwan ɗumi da kanumfari. Kada ki damu don zumar a tsohuwar kwalbar giya take, duk zumar kasuwa a ciki ake sayar da ita, kuma malamai ma suna sha. Illa dai ruwan zuma ba ya kama wuta. Rauda ta ƙarar da rabin kwalin ashana a kansa. Muhyiddeen, da yake namiji ne mai son taimako, ya ce, "Ko a ɗiga mishi kananzir kaɗan?"

Kada ki ɗiga.

Mataki na 4: Ƙona sukari a gaban baƙuwa

Surukarki za ta iso tun kafin lokacin da ta faɗa, haka suke. Inna Hamida ta sauka a motar farko, da hantsi tana tsakar gida. Rauda ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, daidai inda ake hango murhu da taga.

Yanzu zuba sukari a kasko ki ɗora a wuta, ba ruwa ba mai, ki tsaya kina kallonsa yana narkewa yana yin ja. Hancin tsohuwa ba ya kuskure.

"Ɗiyata, wani abu na ƙuna."

"Hakanan aka yin shi, Inna."

Inna ta zuba ido. Ta ga an ɓare ayabar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya ci, an jefa cikin kaskon. Ta ga an kwaso burodin taga yana ƙwaram-ƙwaram a kwano, an kwarara masa madara da ƙwai. Ta juya ta dubi ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta ga ya bi burodin da ido yana haɗiyar yawu. A ganinta har wuyansa ya ƙara tsawo.

Idan surukarki ta zuba ido irin wannan, ki ɗauka burgewa ce. Rauda haka ta ɗauka.

Mataki na 5: Ɗora yashi a wuta

Ba ki da tandar Turawa, Madam ma ba ta da ita. Ɗauko babbar tukunyar gidan, ta suna da biki, ki zuba yashi a gindinta, ki rufe, ki hura wuta sai yashin ya ɗau zafi. Sannan ne za ki dasa ɗan kwanon fudin a tsakiya, ki mayar da murfi, ki zuba garwashi a kai.

Lura da kyau: yayin da yashin ke zafi, shiga ɗaki neman wani abu. Rauda ta shiga neman tsumma. Inna Hamida ta tashi a hankali, don ba a haifi surukar da za a bari da rufaffiyar tukunya ba. Ta ɗaga murfin. Yashi. Ta sa ludayi ta tona, ko nama na ƙasa. Yashi ne har gindi.

Ta mayar da murfin yadda ta same shi, ba ko ƙara, ta koma tabarma ta ɗauko carbinta. Da Rauda ta fito ta dasa ɗan kwanonta a ciki, Inna ta kawar da kai wajen katanga.

Mataki na 6: Kai abinci, ki koma gefe

Fudin ya fito, samansa ja, gefensa baƙi, tsakiyarsa na rawa. Gaskiya ƙamshinsa ba laifi. Muhyiddeen, da yunwar kwana biyu, ya gama nasa ya sa yatsa ya suɗe kwanon. Rauda ta shaida wa Inna sunansa fudin, Inna ta ci loma uku.

"Kai, albashi dai suna biya?"

"Suna biya, Inna, lahiya lau."

Ta gyaɗa kai. Abin da ɗan halak zai ce ke nan. Ta tura shi masallaci tun ba a kira salla ba, ta yafito Rauda. Rauda ta matso, a ranta har ta fara zaɓen zannuwan da za ta tafi da su Argungu.

Inna ta kama hannunta. "Ɗiyata, na ga komi. Babbar tukunya don idon maƙwabta, ɗan kwano ciki don cikinku. Shekarar hwari, wancan na goye, gero ya ƙare muna ƙaf. Kullum sai in ɗora tukunya da ruwa zalla in hura wuta, don a ga hayaƙi na tashi gidanmu. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko shi bai sani ba. Ni ruwa niɗ ɗora. Ke har yashi, har kika sa ma abin suna na Turawa don kar in ji kunya." Ta share ido da bakin mayafi. "Kin ruhe asirin ɗana, Allah shi ruhe naki. Babu inda za ki. In na ɗauke ki, wa za ya yi mishi wagga dabara?"

Mataki na 7: Rufe bakinki

Wannan ne mataki mafi wuya. Bayani zai taso miki har maƙogwaro, ki haɗiye shi. Rauda ta buɗe baki za ta ce akwai shinkafa rabin buhu a ɗaki. Sai ta ga idan ta faɗa, ba Argungu kaɗai za ta tafi ba. Za ta bar tsohuwar nan zaune da sirrin da ta ɓoye tun ɗanta na goye, ta fito da shi a banza saboda kwanon burodi. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta, ta kifa kai a gwiwar Inna ta yi kuka na gaske. Inna na shafa bayanta tana cewa komai mai wucewa ne.

Daga ranar, duk kasuwar Argungu sai mota ta tsaya a ƙofar gidan: shinkafa, albasa, bandar kifi. A kaya na farko har da wani ɗan ƙullin buhu, da saƙo a bakin direba: Inna ta ce yashin gulbinsu ya fi riƙe zafi, Rauda ta ajiye don ɓacin rana.

Gargaɗi

Na yi alkawarin surukarki za ta sa miki albarka, kuma ta sa. Abin da ya biyo baya ba ruwana. Idan mijinki ya je gida dattawa suka riƙa dafa kafaɗarsa suna ce masa haƙuri, ba ni na aike su ba. Idan kawunsa ya aiko masa da tsohuwar riga, ya sa ya yi godiya. Muhyiddeen ya sayi sabon babur a shekarar, amma duk zuwansa Argungu a bakin gari yake jingine shi wajen mai faci, ya shiga gidan uwarsa a ƙasa, ya kuma kasa gane dalilin da matarsa ta ce lallai haka za a yi. Mai ƙorafi ya nemi Madam, an yi wa mijinta canjin wurin aiki tuni. Rauda kuwa ba ta ƙara yin fudin ba. Ta roƙi Inna da kanta ta koya mata tuwo, kuma ƙullin yashin nan yana ƙarƙashin gadonta, ta hana kowa zubarwa.