Yadda Za Ka Raka Amare Biyu da Kiɗa Ɗaya

Kai mai injin haɗa kiɗa, wanda kiɗa ɗaya tal Allah Ya hore masa, kwantar da hankalinka. Ni ne Ɗalha na Ƙofar Ruwa, shekara shida ina cin tuwo da kiɗa guda. Bi matakan nan, ba mahalukin da zai gane.

1. Kwafa
Kiɗanka yana gida na ɗaya a cikin injin. Kwafe shi zuwa gida na biyu. Barka, ka zama mai kiɗa biyu. Ƙirƙira hawan jini take kawowa.

2. Gusar da bugu ɗaya
Maɓallai goma sha shida ne jere a gabanka. Ɗauke bugun kalangu daga na bakwai, kai shi na takwas, sannan ka runtse ido kana kaɗa kai. Haka na yi wa Hajiya 'Yardada da ta zo neman waƙar bikin 'yarta Sa'adiyya.
"Ɗalha, ba na son irin na kowa."
"Hajiya, wannan ko ni yau na fara jin sa."

3. Sauya masa riga
Bayan kwana uku sai ga Baba Modu, shi ma zai aurar da 'yarsa Fanna. Na cire kalangu, na ɗora algaita, na rage gudu kaɗan. Na ce, "Baba, wannan ɗan asalin Barno ne." Sai da dattijon nan ya share hawaye.

4. Kada ka tambayi ranar biki
Gwani ba ya tambaya. Ni ma ban tambaya ba. Ashe lungunsu ɗaya a Dala, Asabar ɗaya, lasifika na kallon lasifika. Mai kunna waƙar Fanna ya ga mata sun yi sanyi, ya ƙara gudu. Kiɗan biyu suka hau kan juna daram. Ƙawayen Sa'adiyya na rawa suna amshin "Fanna".

5. Tarbi baƙi da fara'a
Lahadi da hantsi Hajiya ta shigo shagona, Baba Modu na biye.
"Kunna nawa." Na kunna.
"Kunna nasa." Na kunna.
Ta gyara mayafi. "Ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Bari in je in gaishe ta."
Na bi bayanta ina ba ta haƙuri.

6. Bi umarnin Inna
Inna ta ce ko in yi wa kowace amarya sabon kiɗa kyauta, ko injin ya kwana a rijiya. Kwana tara ina gumi, na haɗa biyu da ba su taɓa shiga kunnen kowa ba. Sa'adiyya ta saurara, ta ce, "Yaya Ɗalha, wallahi na da ya fi daɗi." Fanna kuwa ta aiko a tura mata na Sa'adiyya na da.

Sharaɗi
Duk abin da ya biyo baya, kai da injinka. Ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. In wata Hajiya ta tsare ka tana tambayar inda ka koyo, ka ce a Kaduna.