Takalman Mato Sun Rasu a Jikin Taga

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Yalwa matar marigayi Mato, ta gidan da ke kallon hanyar tur'a, wato magudanar ruwan noma, a hillar nan, ƙauyen da ke yamma da garin Hajj Abdalla, tana sanar da dangi da maƙwabta da masu wucewa ɗibar ruwa rasuwar takalman mijinta guda biyu, na dama da na hagu, waɗanda suka riƙe mata murfin taga shekara arba'in da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai niyyar dariya ya tambayi malaminsa tukuna, za a gaya masa ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum haka ake faɗa. To nan takalmi ne sukutum, ƙafa biyu.

An haifi mamatan a hannun wani baduku a kasuwar Wurno, daga fatar bijimi. Mato ya saye su ne don tafiya Makka, lokacin Yalwa tana amarya. Sun taka ƙasar Barno, sun taka Wadai da Fashir da Ubayyid, sun haye ruwa a Kosti. Inda ƙasa ke da laushi, a ka Mato ke ɗora su ya tafi da ƙafa, wai kada su ƙare kafin a isa. Yalwa, wadda ba ta da ko ƙafa ɗaya ta takalmi, ta riƙe wannan a ranta har yau, amma ba laifin mamatan ba ne.

A nan Jazira guzuri ya ƙare, ga ta da cikin Abdussalami. Aka ce a tsaya a ciri auduga kaka ɗaya sannan a wuce. Yaran yanzu ba su sani ba, shi ya sa za a faɗa: mutanen farko ba sa kafa ƙarfe a jikin ɗaki, ba sa dasa itace a tsakar gida. Duk wanda ya buga ƙusa, to ya gaya wa duniya ya sauke kaya, ya haƙura da Makka. Don haka da zafi ya ishi Yalwa a ɗaki, Mato ya huda bango, ya samo katakon akwatin shayi ya yi murfi. Ya rasa abin da zai riƙe shi ya buɗu ya rufu. Sai ya cire takalmansa, ya huhhuda su, ya ɗaure gefe guda a murfin da zaren fata, gefe guda a itacen tagar, na dama a sama, na hagu a ƙasa.

"Duba nan, Yalwa," in ji shi, "zarge na yi, ban ƙulle ba. Ran da za mu tashi, ja ɗaya zan yi in zura ƙafa."

Ta ce, "Yaushe ke nan, Malam?"

Ya ce, "Bayan auduga."

Auduga talatin da biyu suka cira tare, kowace da bayanta. A ta talatin da uku aka ɗauke shi zuwa maƙabartar bayan tur'a, wadda ke yamma da gida, ko nan ɗin ma baya aka mai da shi. Zargen kuwa yana nan yadda ya bar shi. Duk safiya Yalwa takan taɓa bakin zaren da ɗan yatsa. Muddin yana nan, gidan nan na matafiya ne, sun ɗan tsaya ne kawai.

Halayen mamatan sanannu ne. Ba su taɓa ɗaga murya ba. In aka tura murfin, iyakar abin da suke cewa "huf", kamar tsoho ya zauna. Da damina in sun sha ruwa sukan ce "umm", shi ke nan. Saboda wannan kunya tasu, Yalwa na iya buɗe taga faɗin yatsa biyu ba tare da kowa ya sani ba, mata kuwa a gindin bangon nan suke sauke tulu su huta. Ba ta taɓa fita neman maganar kowa ba, Allah ne shaida, maganar ce ke zuwa har inda take zaune. Ta nan ta san 'yan kunnen Talatu ba zinariya ba ne. Ta nan ta san wadda ke sakace a bakin ƙofa alhali miyarta ba ta ga nama ba tun Sallah. Akwai kuma batun ruwan hawashar maƙwabcinmu Almu, wato gonarsa ta auduga, da aka karkatar zuwa gonar maƙwabta, aka ce jakinsa ne ya fasa kunyar gonar da kofato, har jakin ya sha duka a gaban jama'a. Yalwa ba za ta ambaci sunan kowa ba. Abin da za ta ce kawai, jaki ba ya riƙe fartanya, Hauwa matar Sambo kuwa tana riƙewa da kyau.

Ciwon ajali ya fara kama na dama ne tun shekarar da Mato ya rasu. Ya bushe, ya tsattsage. Kowace Juma'a Yalwa na shafa masa man riɗi da gashin kaza, man da ta hana bakinta. Ya yi ta fama shekara tara, ba ƙorafi. Ranar Talatar nan da aka yi iska da ruwa bayan la'asar, ya ce "ɗas", sau ɗaya, ita ce magana mafi ƙarfi da ya taɓa yi a duniya. Murfin ya karkace ya rataya a wuyan na hagu shi kaɗai. Ta tokare shi da taɓarya, ta rataya zane a kai, ta ɓoye gawar kwana goma sha bakwai. Da ma niyyarta ta nemi baduku ya yi masa faci a asirce. Sai ruwa ya tona, ya shigo ya jiƙa buhunan dawar Abdussalami da ke jingine a ɗakin.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da za a ɓata: na dama ajalinsa ne ya zo, na hagu kuwa kashe shi aka yi. Lafiyarsa ƙalau. Abdussalami ya tafi kasuwar Hajj Abdalla ya dawo da kafinta, wani Salihu, da mufassala biyu na ƙarfe, waɗanda murfi ke juyawa a kansu, da tirbas, wato sakata, duk sabbi fil suna walƙiya kamar haƙoran makka a bakin da bai je ba. Yalwa ta tsaya a gaban tagar ta buɗe hannu.

Ta ce, "Ƙarfe a ɗakin ubanka? Mu fa matafiya ne."

Ya ce, "Ya Inna, halas, ya isa haka. Tafiya ina? Hawasha da sunana take. A ɗakin nan kika haife ni, ga furfura a gemuna. Jikokinki ko Hausar kirki ba sa ji. Nan ne gida."

Bai faɗa da tsawa ba, da ma ya yi tsawar, da ta sami abin ramawa. A hankali ya faɗa, ya kama kafaɗarta ya zaunar da ita a bakin gado kamar mai jinya. Ta ce to aƙalla a bar ta ta ja zaren da hannunta. Kafin ta miƙe, da gwiwoyin nan nata, Salihu ya sa wuƙa. Zargen da aka yi don a ja, aka jira shi shekara arba'in da ɗaya, yanka shi aka yi kamar igiyar buhu. Ya jefa mamatan tsakar gida, kaza har ta kai wa na hagu sara. Ya buga ƙusa takwas, Yalwa ta ji kowace a haƙarƙarinta. Da ya gama ya kaɗe hannu yana murmushi.

"Hajja, wannan ƙarfe sai ya yi shekara ɗari."

Wa ya roƙe shi shekara ɗari? Kuma wace ce Hajja? Mutanen ƙasar nan duk tsohuwar da suka gani sai su ce mata Hajja, suna ganin girmamawa ce. Yalwa shekara ashirin tana haɗiye sunan nan kamar ƙaya, tana cewa a ranta ai saura kaɗan ya zama gaskiya.

Mamatan sun bar murfin akwatin shayi, wanda aka aurar da shi ga ƙarfe ba shawara. Sun bar ɗan turken itace da ke kulle taga, yanzu ba aikin yi, yana kwance a ƙwarya. Sun bar gashin kaza ɗaya da ragowar man riɗi. Sun bar kunnen Yalwa a maraici, domin magajin nasu ba shi da tarbiyya: ko yatsa ta sa sai ya ce "ƙiiiii", har kare a bakin tur'a ya ɗaga kai. Mata na ji sai su yi tsit, su ce, "Sannu da hutawa, Gwaggo," su ɗauki tuluna su koma gindin bangon wani. Kwana goma ke nan ba ta san abin da ke faruwa a hillar nan ba. An ce har an yi saki an mai da aure, sai a bakin jikarta ta ji, da Larabci.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. An riga an yi musu wanka da man riɗi, an naɗe su a ƙyallen tsohon rawanin Mato. Ba za a binne su a nan ba. Hauwa matar Sambo, wadda Allah ya kira Makka bana tare da mijinta, ita za ta ɗauke su. Da farko ta so ta ƙi.

"Haba Gwaggo, in ɗauki tsohon takalmi har ƙasa mai tsarki? Me zan ce in an buɗe kayana?"

Yalwa ta ce, "Ba komai, ɗiyata, bar shi. Af, jakin Almu yana gaishe ki."

Nan take ta karɓa da hannu biyu, har da durƙusawa.

Za a raka su tashar lori ranar Alhamis da hantsi, daga nan Sawakin, daga nan jirgin ruwa. An umarci Hauwa in ta sauka Jidda ta kwance ƙyallen, ta ajiye su a ƙasa, na dama a dama, na hagu a hagu, bakinsu na kallon hanyar Makka, ta zura ƙafa ta yi taku uku da su ko da ja ne, sannan ta bar su a can. Ana roƙon kada a karanta wa Almu takardar nan sai lorin ya wuce gada.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku, ta taga. Ba sai an yi sallama da ƙarfi ba, ƙarfen zai sanar da kowa an buɗe. Kada wanda ya kawo mai da sunan taimako, ba za a shafa masa ba, a bar shi ya yi ta kuka, ai gidan makoki ne. Mai kawo shayi ya kawo da sukarinsa, mai kawo labari ya fi lada. Wanda ya ce Hajja, za a rufe tagar a fuskarsa.

Allah ya kai takalman Mato lafiya inda ya saye su don su je. Ita kuwa Yalwa tana nan gida, bayan ƙusa takwas, an tabbatar mata za su yi shekara ɗari.