A Hankali, Sau Huɗu

A Rafin Kanya, gidan da ke jingine da shagona na ɗinki mutum biyu ne suka rage a cikinsa, Inna Tasalla da autanta Nomau. Mai gidan, Malam Barau, ya rasu shekara uku ke nan. Babbar 'yarsu Hansatu tana aikin jinya a birni, sai dai a gaisa ta waya. Nomau ya ba talatin baya, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa yi wa kowa musu ba. Aibinsa ɗaya ne, abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, abin da ke ranka kuwa kai ka sani. Ka ce ya sa ido a kan tukunya, ka dawo ka tarar tururi ya kusa dafa masa fuska. Ni dai na daɗe da koyon tauna magana kafin in aike shi.

Abu ɗaya Malam Barau ya bari mai motsi da murya, wato bidiyon minti ashirin da aka ɗauka ranar sunan ɗan Hansatu. Yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ta bari a gida, wadda in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe. Babu kwafinsa ko'ina. Idon Inna kuma ya fara yana, ba ta ganin hoton waya, sai na talabijin. Ta ce ita dai kafin idon ya tafi tana so ta ƙara ganin fuskar mijinta. Hansatu ba ta sami hutu ba, sai ta yanke shawarar za ta riƙa gaya wa Nomau ta waya yadda zai zuba bidiyon a faifai. Aka kawo kwamfutar da talabijin da na'urar kallon faifai shagona, saboda ni ke da sola.

Wata rana Hansatu ta ce ya je kasuwa ya sayo faifai goma, kuma ya tabbata ba komai a jikinsu. Nomau ya wuni a rumfar mata masu saƙa yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, duk wanda ya ga an yi wa ado da ja ko kore sai ya ture. Da la'asar ya dawo da fayafayan kaba goma, farare tas. Ya ɗauki ɗaya ya yi ta cusawa a bakin kwamfutar, da ya ƙi shiga ya nemi aron almakashina. Na hana. Inna ta sami murafen ƙwarya na shekara guda, shi kuma ya koma ya sayo masu ƙyallin.

Wata rana Hansatu ta aike shi wurin mai shagon kwamfuta a bakin tasha, ya karɓo manhajar da ke zuba hoto a faifai. Ta ja masa kunne ya zaɓi mara nauyi, don kwamfutar ta tsufa. Mai shago ya miƙa masa guda biyu, kowace a faifanta, ya ce ya zaɓa. Nomau ya wuce kai tsaye wurin mahauta ya roƙi aron sikeli. Ya ɗora wannan, allura ba ta motsa ba. Ya ɗora waccan, haka. Masu sayen nama suka yi layi suna zagi, shi ko a jikinsa. Daga ƙarshe ya lura ɗaya an manna mata takarda, ya ce lalle ita ta fi nauyi, ya ɗauko ɗayar. Da aka saka, ya karanto wa Hansatu sunan da ya fito harafi bayan harafi, ta ce wannan ta adana takardu ce, faifan da ta yi na'urar Inna ba za ta karanta ba. Wadda ke shirya bidiyo yadda na'urar gida ke so ita ce mai takardar. Ya sake taka sayyadarsa zuwa tasha, yana mamakin yadda mai nauyi ta zama mara nauyi.

Wata rana ta gargaɗe shi kada ya taɓa gefen da ke ƙyalli, ta baki ake riƙe faifai. Ina cikin ɗinki na ɗaga kai na gan shi tafe, hannaye a baya, faifai a tsakanin haƙora kamar kare ya sami ƙashi. Na gaishe shi, ya amsa da hanci. Uku suka tafi a haka, da sawun haƙori a jiki.

Wata rana komai ya kammala, Hansatu ta ce, "To, ɗauko faifai ɗaya, yau za mu ƙona." Masu wannan sana'a haka suke kiran zuba hoto a faifai. Tana faɗar haka layi ya yanke. Kafin ta sake samunsa, wari ya cika unguwa, miyar kukar da Inna ta ɗora ta koma ɗanɗanon roba.

"Na ƙona, Yaya," in ji shi. "Har ya narke. In kawo na biyu?"

Ta yi salati. Sannan ta yi masa bayani cewa wutar tana cikin kwamfutar, 'yar ƙarama ce, ita ke rubuta hoton. Tun daga ranar ba ya zama gaban kwamfutar sai da bokitin ruwa a gefe, ni kuma ina matsar da bokitin da ƙafa in ya juya baya.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa. Da zarar ya zauna ana ce masa danna nan, danna can, ba ya kuskure ko sau ɗaya. Shi da kwamfutar jirgi ɗaya ya kwaso su, kowannensu abin da aka ce masa yake yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana faifai ya fito da ɗuminsa, aka saka a na'ura, ta yi ta juyi ta tofo shi. Hansatu ta ce ai bai rufe faifan ba, na'urar gida ba ta karɓar wanda ba a rufe ba. Nomau ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya shiga gida ya ɗauko ɗaya daga fayafayan kaban nan ya kifa a kai, ya ɗora dutse. Kwana biyu faifai na rufe da faifai, yana leƙawa safe da yamma ya ga ko ya nuna. Ashe wani ɗan akwati ne a allon ake dannawa kafin a fara.

Wata rana aka dace hoto ya fito. Inna ta matso da tabarmarta har gaban talabijin. Ga mata ana ta guɗa, ga raguna, sai ga Malam Barau a kan buzunsa ya juyo yana murmushi. Ya buɗe baki ya ce, "Nomau," sai hoton ya ƙame a nan. Nomau ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am, Baba." Muka cire muka goge muka mayar, daidai wurin yake tsayawa. Shi kuwa yana tsaye tun azahar har aka kira la'asar, wai Baba bai gama magana ba. Ranar ban yi dariya ba, tausayi ne ya kama ni, Inna kuma ta tashi ta shige ɗaki.

Hansatu ta ce gudun ne ya yi yawa, an bar kwamfutar tana rubutu a guje, tsohuwa kuwa in ta yi sauri sai ta yi tuntuɓe. Faifai huɗu suka rage.

"Inda aka rubuta gudu, ka zaɓi lamba mafi ƙanƙanta," ta ce masa. "A hankali za ka ƙona, sau huɗu."

Ita sunan gudun take faɗa, don haka ake kiran mafi ƙanƙantar. Nomau ya zaɓi ƙaramar lambar, ya danna akwatin rufewa, ya ƙona faifai. Ya fito, ya saka wani. Haka ya yi har sau huɗu, kwamfutar na nishi, batirin solata na zuƙewa. Na huɗu na fitowa allon ya yi baƙi, bai sake haske ba har yau. Hansatu ta yi faɗa kamar ta ari baki, ta ce ya ƙarasa kwamfutar, ya cinye fayafayan, wa ya ce ya yi huɗu? Ya ce, "Ke, Yaya."

Ba mu iya gwadawa ba, domin tsakiyar damina ce, hadari ya rufe rana, batir ba ko ɗigo. Hansatu ta ce to ya adana inda rana da ɓera da yara da ruwa ba za su kai ba. Nomau ya ƙirga a yatsa, abokan gaba huɗu, faifai huɗu. Na rana ya haƙa rami a ƙarƙashin gadonsa ya binne. Na ɓera ya rataye da zare a azara. Na yara ya ɗora a kan katanga. Na ruwa ne ya ba shi wahala, sai ya tuna Tudun Ƙishi, garin gwaggonsa, inda kowa ke cewa ba su da ruwa. Ya yi tafiyar rabin yini ya kai mata, ta jefa a akwatinta na ƙarfe.

Wata rana, bayan kwana biyar ana tsuga ruwa, da hantsi ɗakin Nomau ya zauna, ya ja katangar suka tafi tare. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Muka tona. Na rami ya cika da taɓo ya tsage, na azara ya rabu biyu, na katanga ko ɓurɓushinsa ba mu gani ba. Inna ta zauna a kan turmi ta ce shi ke nan, Allah bai nufa ba. Nomau yana ta kwashe ƙasa, ya ce ai wannan ruwa ne ya yi ɓarna, na ruwa kuma yana Tudun Ƙishi.

Washegari ya dawo da shi, riƙe ta baki, da yatsu wannan karon. Rana ta fito, batir ya ɗauka. Na kira Hansatu na ajiye wayar kusa da talabijin don ta ji. Guɗa ta wuce, raguna suka wuce, Malam Barau ya juyo. 

"Nomau," in ji shi, "matso nan kusa da ni ka zauna. Kai ne mai jin maganata."

Nomau ya tashi ya je ya zauna, kafaɗarsa na gugar talabijin, har ya tare rabin hoton. Na buɗe baki zan ce ya gusa Inna ta gani, sai ta ɗaga mini hannu, tana share ido da bakin zane.

"Ƙyale shi," ta ce. "Shi aka kira."