Ranar da Na Dafa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na daskarar da surukina, sannan na dafa shi da ransa. Zamanin sojoji ne, ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Filinge, ina koyar da Faransanci da taƙama irin ta wanda bai taɓa wuce Yamai ba.

Surukin nawa manomin gero ne daga cikin Kurfai, dattijo mai magana ɗaya-ɗaya. Tun da na auri ƴarsa Rabi ra'ayinsa a kaina bai canza ba: baki gare ni, hannu babu. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. To da aka ce zai zo ya kwana biyu gidanmu a tsakiyar ɗari, sai na ce lokaci ya yi da zai ga irin mijin da Allah ya ba ƴarsa. Na tafi Yamai na kinkimo shofo, injin nan mai aiki da gaz da ke dafa ruwan wanka tun cikin bututu. Mai gyaran famfo ya kafa shi, ya sa masa kawunan famfo biyu da ya samo wajen ƴan kasuwar Kamba. Na hana kowa taɓawa, ni ma ban gwada ba (babban abu ai babban baƙo ke buɗe shi, haka muka ga kwamanda na yi).

Dattijo ya iso ya kwana. Da safe Rabi ta ce, "Bari in ɗora wa Baba ruwa."

Na ce, "Sauke tukunyar nan. Zamanin hayaƙi ya wuce a gidan nan."

Na raka dattijo bakin banɗaki, kaina a ƙasa kamar yadda surukuta ta tanada. Kan famfo ɗaya yana da harafin C, ɗayan H. Kowane ɗan aji ɗaya ya san C na zafi ne, da shi kalmar take farawa a Faransanci. Shi kuwa H, sai na ɗauka sunan kamfani ne (ku daina dariya, da takarduna fa). Tunda Baba bai yi boko ba, na yi masa fassara: "Baba, mai zanen jinjirin wata shi ne na zafi. Mai kama da tsani kada ku kula shi."

Ya shiga ya ja ƙyaure. Na tsaya a waje na harɗe hannu, ina jiran a sa mini albarka.

"Wash! Mushe, mi ke nan?"

Ruwan tankin da ya kwana a saman ɗaki ne ya sauko masa a tsakiyar ka. Na ce, "Ku ƙara murɗawa, Baba, yana zuwa!" Ya ƙara. Har haɗuwar haƙoransa nake ji. Da ya ga jinjirin wata ba shi da imani, sai ya kama tsani ya murɗa iya ƙarfin mai noma. Injin ya yi fuu! Ihun da ya biyo baya, jakin maƙwabta sai da ya amsa. Kafin ya gama salati ruwa ya koma ƙanƙara, kafin ya numfasa ya sake tafasa.

A nan hankalina ya tafi hutu. Na banke ƙyaure na faɗa ciki.

Jama'a, ni da ko cin abinci ban taɓa yi a gabansa ba, ga ni ga uban matata, daga shi sai kumfar sabulu. Ya wawuri murfin bokiti ya kare abin da ya samu karewa. Ni kuwa, maimakon in juya, sai na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba." Wallahi abin da bakina ya samu ke nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya dube ni ta cikin tururi ya ce, "Lahiya lau. Ruwan ga naka soja na? Juyin mulki ukku ya yi mini tun ban wanke wuya ba. Hita!"

Da rana mai gyaran famfo ya zo, ya duba, ya ce, "Mushe, ai kan famfon na Najeriya ne. A Turancinsu C sanyi ne." Rabi ta shige ɗaki da gudu, wai tari ya sarƙe ta.

Baba bai cika kwana biyun ba. A tasha, gaban ƴan garinsu, wani ya tambaye shi yaya ya baro surukinsa. Ya ce, "Mutumin kirki na. Kowa surukinai huskatai kaɗai ya sani, ni nawa ya san ni duka."

Abin da na koya bai da yawa: in ka ji surukinka yana ihu a banɗaki, ko wuta ce ta kama, yi masa sannu daga waje.