Ramin USB Ya Rasu, Muryar Baffa Tana Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoro wanda gaskiya ya fi baƙin cikin yawa, ni Abdullateef mai shagon buga takardu a Mubi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ramin USB na gaban kwamfutata, tare da ƙannensa uku na baya, waɗanda suka bi shi a rana guda.

Marigayin mai karamci ne, bai taɓa korar baƙo ba. Filashin ɗalibai, igiyar firinta, wayar kowa da kowa, duk wanda ya shigo sai ya tarbe shi da 'yar muryarsa, "tu-dun". Da na tada janareta sai duk layinmu su tuna da zumunci. Masu babur na Vimtim su soka waya su tafi kai fasinja, Susana mai tuwo ta kawo tocilarta, ni kuma na ɗora masa 'yar fanka saboda zafi. Duk ya haƙura ya ɗauke su. An ce mai haƙuri kan dafa dutse, shi kam mu muka dafa shi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da mantuwa. Firintar da suka yi shekaru tare, sai ya ce bai gane ta ba. Daga baya sai an karkata filashi an tokare shi da kwalin ashana kafin ya amsa.

Ana cikin wannan jinya surukata, wadda kunya ba ta barina in kama sunanta sai dai in ce Dada, ta aiko da wayarta daga Sorau ta hannun matata Hapsatu, wai wayar ta cika, babu sauran wuri a cikinta. A cikin wayar akwai muryar Baffa, mijinta da ya rasu bara, saƙonnin da yake aiko mata daga wajen kiwo yana tambayar ko ta ci abinci. Kullum da safe take sauraronsu. Na kwashe komai na zuba a kwamfuta, na share wayar tas, da niyyar in mayar mata da na Baffa. Na sake soka waya. Shiru, babu "tu-dun".

Na kira Zacharia mai gyara. Ya duba ya ce, "Oga, direba ne ya lalace, shi ne ke sa kwamfuta ya gane abin da ka soka. Mu cire shi, in an kashe an kunna zai dawo da kansa." Muka cire. Nan take maus ya sandare, kibod ya bi bayansa, ashe su ma ta ramukan USB na baya suke aiki. Muka kashe muka kunna har hannu ya gaji, direba bai dawo ba. Zacharia ya ce zai iya buɗe cikinta ya ciro ma'ajiyar da duk bayanan ke ciki, amma tana wani ƙas-ƙas, ba zai ɗauki alhakinta ba.

Yanzu kwamfutar tana kunnuwa lafiya lau. Ga jakar da na rubuta wa "Baffa" a tsakiyar allo, ga kibiyar maus dab da ita, ta ƙi motsi. Ina zaune ina kallonsu. Wallahi tsoro nake ji.

Marigayin ya rasu ya bar firinta marainiya, da maus da kibod a kwance, da kakansu, wani koren rami zagayayye a baya wanda ban taɓa kula shi ba tun da na sayi kwamfutar. Zacharia ya ce shi kaɗai ya rage da rai.

Za a rufe mamatan da baƙin salatef gobe Alhamis bayan la'asar, a nan shago. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahala da goro. Duk mai tsohon maus mai zagayayyen baki, ko a ƙarƙashin gado yake, don girman Allah ya kakkaɓe shi ya kawo, domin ranar Juma'a Dada za ta shigo gari. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, da wane baki zan yi mata bayani? Hapsatu ta gaya mata aikin zai ɗan ja lokaci, ga kuma amsar da ta aiko:

"Ba komai, a ce wa yaron nan kada ya damu. Zan zauna a shagon in jira. Na yi kewar muryarsa."