Hedifon Mai Tona Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hedifon ya zubar mini da girma a zauren surukai a Sabuwa ba. Har yau in na tuna, sai in ji hulata ta yi mini nauyi.

Ni mutum ne mai son sauti, kuma mai cika baki a kai. A Ƙanƙara nakan ce in aka kunna rediyo a Pauwa, daga ƙofar gidana zan gaya maka batirinsa ya kusa mutuwa. To, ana gobe za mu tafi ɗaurin auren ɗan yayana, sai ga saƙo daga ƙanena da ke Legas: hedifon, irin manyan nan, kamar an kifa maka ƙoƙo biyu a kunnuwa. Bayansa huji-huji kamar rariya. Ya bugo waya yana cewa na masana sauti ne, wai ta hujin nan iska ke ratsawa sautin ya buɗe. Ya fara wani gargaɗi, na katse shi (ni da na san komai, yaro zai koya mini?).

Yayana ba shi da lafiya, don haka ni ya wakilta in karɓi auren. Ya ja mini kunne: "Uban yarinyar nan malami ne, ba ya son shashanci, kuma an kai mishi labarin gidanmu gidan barkwanci ne. Don Allah ka kama kanka." Na dafa ƙirji na ce ya sha kuruminsa.

A Faskari muka ɗauki taubashina, Sule, da ɗan iyafis ɗinsa na bakin tasha, wayar duk an naɗe ta da salatif. Nan musu ya tashi.

"Kowa irin nawa yake sawa," in ji Sule, "daga 'yan acaba har malaman makaranta. Da ba daɗi da ba a yi rububinshi ba."

"Ƙuda ma sun fi yawa a kan juji," na ce. "Naka sauro ne a gwangwani."

Na tura masa wata waƙar asharalle don mu gwada da abu ɗaya, muka yi musaya. Da ya sa nawa sai da ya buɗe baki. Gaskiya abin akwai daɗi, kana jin tafin kowace mace daban, har numfashin makaɗi kana ji. Ya ce, "Daɗi kam akwai, amma ka yi kama da matuƙin jirgin da aka kora daga aiki." Motarmu kuwa tana rugugi a ramukan hanya, ba wanda ya lura da komai.

Muka isa, aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure, dattawa sun cika maƙil ana jiran liman. Uban amarya na zaune, fuskar nan ba fara'a ko ta sisi. Ni kuma zuciyata na ta ingiza ni: yanzu a ce an zo har Sabuwa ba wanda ya ga abin nan? Na zaro shi a hankali na ɗora bisa hula, na ɗauko carbi.

Wani tsoho ya ce, "Alhaji, wannan hwa?"

"Wa'azi nake ɗan saurare, Baba. Ba na son zama haka nan."

"Masha Allahu," in ji zaure gaba ɗaya. Har uban amarya ya gyaɗa kai. Na ce a raina, Yaya, na gama maka aiki.

Na latsa asharallen nan, na ƙure ƙara, na lumshe ido ina jan carbi. Kalangu ya shigo, mata suka rangaɗa guɗa. (Sule ya rantse kafaɗata ta fara motsi. Ƙarya yake yi. Ƙafa ce kawai.) Da na ɗan buɗe ido sai na ga kowa ni yake kallo. Sule kuwa ya tura kai cikin babbar riga, yana ta danne dariya.

Uban amarya ya yi mini alama da hannu in cire. Na cire. Jama'a, ga abin a hannuna, ga kalangu na ta zuba a zaure tar, kamar an kunna rediyo! Ashe hujin nan ba shiga kaɗai iska ke yi ba, har da fita. Abin da ƙanena ya so gaya mini ke nan.

"Alhaji," in ji uban amarya, murya ƙasa-ƙasa, "wannan malamin naka, a wane gari yake karantarwa?"

Tsohon nan ya ƙara, "Kuma ɗalibanshi mata ne, na ji suna guɗa."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na lalubi wayata in kashe, na latsa ba daidai ba, waƙar ta koma farko.

Da liman ya iso, uban amarya ya ce, "Yaro bai yi laihi ba, na ba shi ɗiyata. Amma a samo wani mai natsuwa ya amsa." Aka waiga, aka nuna Sule. Sule! Ya gyara riga, ya karɓi aure da wata murya kamar alƙali, ni kuma ina rakuɓe a bayan ƙofa wajen takalma.

Muka kama hanyar komawa. Can sai Sule ya zaro iyafis ɗaya daga ƙarƙashin hularsa ya cusa mini a kunne. Asharallen nan ce dai. Tun shigarmu zaure ita yake ji, har lokacin da yake cewa "na amsa."

Har gobe ina nan a kan bakana, nawa ya fi nasa sauti nesa ba kusa ba. Amma na gane dalilin da ya sa jama'a ke rububin sauro a gwangwani: shi dai in ya ji sirrinka, a kunnenka yake barinsa.