Kwano Ne Ya Dawo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi kukan mutuwa a wurin murna, kuma a gaban Turawa, kaina ba ɗankwali.

Ku saurara. Ni ban yi boko ba. Wannan ma da kuke karantawa, faɗa nake yi wa waya tana rubutawa (in kun ga kuskure ku kama wayar, ni kam daidai na faɗa). Na tsufa a gona, a wani ƙauye can bayan Kafanchan. Da gwiwoyi suka ƙi, 'yata ta ɗauko ni ta kawo London, ta ajiye ni a flat ɗin council, wato gidan bene na hukuma, a Thamesmead, sama can inda ko kaza ba za ta yarda ta kwana ba. Ci da sha ban rasa ba. Abu ɗaya na rasa: fuskar yayata Saraya, wadda ta goya ni tun ina tsumma. Ƙauyenmu babu sabis. A da sai a ɗora ta a babur a kai ta kan tudu in ji muryarta tana yankewa, to yanzu jiki ya ƙi babur. Ni tsohuwa, ita ta fi ni tsufa. Kowa ya san abin da nake tsoro.

Ana nan, ana nan, sai jikata Rifkatu, wadda injiniya ce a wani kamfanin ƙera tauraron ɗan'adam, ta zo ta zauna a gefen gadona. Ta ce sun ƙera wasu taurari, za a ɗora su a roka a kai su sama, su riƙa zubo intanet kamar ruwan damina, har ƙauyen da ba shi da ƙarfen sabis. "Kaka, in suka hau lafiya, za ki ga Kaka Saraya a waya, ido da ido."

Tun daga ranar na sa rokan nan a addu'a, safe da yamma. Na kuma sanar a zumuntar mata ta coci cewa jikata za ta aika kaya sama. (Na ce don a taya ni addu'a ne. Allah dai ya san akwai ɗan alfahari a ciki.)

Da ranar ta zo, kamfaninsu ya gayyaci iyalan ma'aikata su zo a kalla tare a babban allo, don shi rokan daga Amurka zai tashi. Na wani kamfani ne daban, kamar dai motar haya, su Rifkatu kaya kawai suka ba shi. Na ɗaura zanen zumunta, na kafa ɗankwali kamar mai zuwa ɗaurin aure. A cikin bas Rifkatu ta fara: "Kaka, listen, akwai abin da zai faru bayan ya tashi, kada ki..."

Na ce, "Ke tafi can! Na ga jirgin sama tun ba a yaye uwarki ba. Yau ke za ki koya min kallo?"

Ta ce, "To, tsohuwa, na yi shiru." Da ma ban rufe mata baki ba.

Muka isa. Ɗaki cike da Turawa, kowa da kofi a hannu, ana ta zagayawa da wani abinci ƙanana-ƙanana da ko ɗan yaye ba zai ƙoshi da shi ba. Rifkatu ta kai ni na gaisa da ogansu, wani dogo mai sanƙo. Can sai ɗaki ya yi tsit. A allo ga abu tsaye kamar giginya. Wuta ta tashi a gindinsa, hayaƙi ya turnuƙe, ya ɗaga, ya tafi. Na rangaɗa guɗa irin ta gida, har Turawa suka juyo suna tafa min. Kaina ya ƙara girma.

Ban gama jin daɗi ba sai na ga abin ya rabu biyu. Na ƙura wa allo ido. Ina cikin haka sai babban ɓangaren ya juya, ya kamo hanyar ƙasa, da baya da baya, wuta na fita ta gindinsa.

To, a wurinmu, in ka aika kaya suka juyo, an ƙi su ne. Babu wata fassara. Na dubi jama'a don in tabbatar. Wani ya ɗora hannu biyu a ka. Wata ta toshe baki, hawaye na zuba. Abin ya sauko kan wani faffaɗan jirgi a tsakiyar teku, hayaƙi ya rufe shi, ɗaki ya ɓarke da ihu. Na ce shi ke nan. Saraya ta tafi min, aikin yarinya ma ya tafi.

Mu kuma, in yaron gidanka ya yi ɓarna, ko da akuyarsa ce ta shiga gonar wani, babba ba ya jira a zo masa. Shi ke riga fushin mai gona isa. Na fizge ɗankwalina na yar. Na ƙwala kuka irin wanda ake ji daga ƙetaren rafi. Na ratsa Turawa, na zube gaban mai sanƙo, na damƙe ƙafarsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri! Yarinya ce! Ba da gangan ta yi ba! Sorry, Oga, no sack! Akwai akuyoyina a gida, ka kwashe duka!"

Bawan Allah ya tsaya da kofi a hannu, ƙafa ɗaya a hannuna. Ashe shi ya ɗauka haka muke sa albarka a ƙasarmu. Sai shi ma ya durƙusa, ya dafa kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa, yana ta "Thank you, Mama, thank you." Ni ina kuka, shi yana godiya, jama'a na tafi. (Na ce a raina, oh, Bature akwai haƙuri, dukiyarsa ta ƙone yana gode wa mutane.)

Sai ga Rifkatu a kunnena. "Kaka, don Allah tashi, kina kashe ni."

"Ki durƙusa ke ma, mara kunya! Kayanki sun dawo!"

Ta dube ni, ta dubi allo, ta haɗiye dariya da ƙyar. "Kaka, in kin aika wa maƙwabta tuwo, me yake dawowa?"

Na ce, "Kwano."

"To kwano ne ya dawo. Tuwon ya isa. Ga shi can sama ana rabawa. Wannan wanke shi za a yi, a sake zuba wani a aika."

Na ɗaga kai. Hayaƙi ya washe, ga abu tsaye ƙyam a kan ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu. Na saki ƙafar mutum a hankali. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko tashi na kasa, gwiwoyi suka ce ai su ba da su aka yi shawarar durƙuso ba. Sai da Turawa biyu suka cicciɓe ni, wani kuma ya miƙo min ɗankwali da hannu biyu kamar tutar ƙasa.

Kwanci tashi, aka kafa farantin kamo intanet a asibitin ƙauyenmu. Wata Lahadi bayan sujada Rifkatu ta miƙo min waya. Ga Saraya. Ta rame, haƙora sun ƙare, amma ita ce. Na buɗe baki in yi kuka, sai na ga tana ƙyaƙyata dariya har tana tari.

"Auta! Ke ce mai kama ƙafar Bature? Akuyoyin wa za ki bayar? Waɗanda muka cinye tun Kirsimetin bara waccan?"

Ashe wani ya ɗauki abin a waya, ya tura wa Rifkatu, ita kuma maciya amana ta tura gida. Abin da taurarin jikata suka fara zubo wa ƙauyenmu ke nan: ni, a ƙasa, ba ɗankwali. Muka yi ta dariya ni da Saraya, har dariyar ta koma abin da na yi niyya tun farko.

Yanzu dai na koyi karatuna: in kwano ya dawo, a buɗe a duba kafin a ɗora hannu a ka. Sai dai har gobe ina nan a kan bakana, mutanen sama ba su da tarbiyya. A kai maka tuwo tun daga ƙasa, ka mayar da kwano ko ɗan goro babu a ciki?